Sunan ɗan yayata ya fito a jerin da aka hana ni nuna wa kowa

Saƙo daga wani ɗan'uwa a wannan zaure. Ya roƙi a sakaya sunansa, a kuma ba shi shawara cikin mutunci.

Assalamu alaikum iyaye da yayye da ƙanne. Na daɗe a cikinku ina karanta matsalolin mutane, wani lokaci har in yi tsaki in ce wannan ai abu ne mai sauƙi, me zai hana mutum ya yanke hukunci ya huta, to yau ga ni na shigo layi. Don girman Allah ku taimaka mini da shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, ni ban iya gajarta magana ba, matata ma ta gaji da yi mini ƙorafi a kai.

Ni mutumin wani ƙauye ne a yankin Gangara, ƙasar Gazawa, aiki ne ya ajiye ni a birni. Ina aiki a buron sikolarite na wata babbar makaranta, ga 'yan'uwanmu na Najeriya, shi ne ofishin da ake yi wa ɗalibai rajista ake kuma ajiye makinsu. Ni ba malami ba ne, karatuna ma bai yi wani zurfi ba, aikina kawai in zauna gaban ordinata, wato kwamfuta, in shigar da maki. Amma duk wanda ya ci ko ya faɗi, ta hannuna yake wucewa kafin a liƙa a allo, ku riƙe wannan domin laifina na farko a nan yake.

Mahaifiyarmu ta rasu ina ɗan shekara tara, yayata ce ta ɗauke ni ta tafi da ni gidan mijinta, ita ta yi mini wanka ta yi mini wanki, ita ta tsaya sai da aka bar ni a lakol, wato makarantar boko, lokacin da ake cewa a cire ni in bi awaki. Har yau Auta take ce mini, ko da a gaban 'ya'yana ne. Shekara ɗaya da zuwana ta haifi ɗanta na fari, zan kira shi Habu a nan amma ba sunansa ba ne. A bayana ya girma, ni na koya masa baƙaƙe, ni na raka shi lakol ranar farko. Yaro ne mai sanyi, ba ya musu, in ka ce masa zauna nan sai ka dawo ka tarar da shi a wurin. Da ya ci bak, wato jarrabawar gama sakandare, shi ne na farko a duk zuriyar gidansu da ya kai nan, sai aka ce tunda kawunsa na ciki shi zai san abin da ya dace. Ranar da muka zauna cika takardar zaɓen sashe, ya ce mini a hankali, kansa a ƙasa, shi da so samu ne ilimin aikin gona yake so. Na yi dariya har da buga cinya. Na ce ka baro gona a ƙauye ka zo birni ka karanci gona, wa ya taɓa jin haka? Na karɓi biro na rubuta masa jeni sibil da hannuna, karatun injiniyan gine-gine da hanyoyi da gadoji. Ya karɓa ya sa hannu. Da sunansa ya fito na je gida da labari, tun daga bakin zaure na ɗaga murya na ce ina Injiniya, ya fito ya karɓi albishir. Wasa na yi, amma sunan ya bi shi, yau ko a kasuwar Gazawa ka ambaci sunansa na yanka sai an tsaya tunani.

Shekara huɗu ke nan. Ajin farko sau biyu ya yi shi, a karo na biyun ma sai da ya shiga jarrabawar gyara sannan malamai suka ɗaga shi da ɗan abin da ya rage. Aji na biyu ya faɗi bara, bana yana maimaitawa. Duk wannan ni na shigar da makin da hannuna, kuma kowace shekara ina da abin da nake gaya wa kaina, farkon shiga ne, bai saba da birni ba, malamin lissafin nan kowa ya san mugu ne, bana zazzaɓi ya kama shi lokacin jarrabawa. A gida kuwa in Yaya ta tambaye ni sai in ce karatun injiniya dama dogo ne, ba a gama shi da wuri. Ita ba ta san aji nawa ake yi ba, ta yarda da ni.

To bana sai wani malami a sashen, zan ce masa Dakta, ya zo da wani aiki. Mutumin Gidan Rumji ne, muna yawan tsokanar juna da shi. Ya haɗa wata manhaja da ake zuba mata bayanan ɗaliban shekarun baya, makinsu da zuwansu aji da yawan jarrabawar gyara da abin da suka rubuta a takardar rajista, ita kuma ta koyi kamannin waɗanda suka daɗe a sashen injiniya suna ja da ƙyar daga ƙarshe suka fita ba takarda. In ta koya, sai a ba ta na yanzu ta nuna waɗanda suke kan wannan hanyar, don a kira su da wuri a ba su shawarar canza sashe kafin shekarunsu su ƙone. An cire sunaye an sa lambobi, ni aka ba aikin haɗa bayanan, kuma ni kaɗai ke riƙe da takardar da ke nuna wace lamba ce ta wane. Shugabanmu ya tara mu ya ce bana gwaji ne kawai, ba za a kira kowane ɗalibi ba, kuma duk wanda ya fitar da jerin ko ya gaya wa wani ɗalibi, ya san sauran. Na ce to, aka miƙo takardar alkawari na sa hannu ban ko karanta ta har ƙarshe ba, me ya dame ni a lokacin.

Ranar da jerin ya fito Dakta ya turo mini in adana. Ban yi niyyar dubawa ba, Allah shaida ne, amma lambar rajistar Habu na haddace ta kamar lambar wayata, kuma na san lambar da na ba shi a madadinta. Idona na sauka a kan takardar na gan ta, ba ma a tsakiya ba, can sama cikin na farko-farko. Na rufe, na sake buɗewa kamar zai canza. Sai haushi ya kama ni, na tashi na tafi buron Dakta, ban gaya masa ɗana ne ba, na dai ce masa wannan na'urar taku ta fara duba ne ko me, ta yaya ƙarfe zai san gaibu, kuma na lura yaran ƙauye sun fi yawa a sama, ko dai an koya mata raina talaka ne.

Bai ji haushi ba, ya ce in zauna. Ya ce, “Malam, wanga abu ba duba ba ne, kuma shina kuskure, kada wani shi ruɗe ka. Amma bari in hwaɗa maka abin da munka gani. Yaron da ya hwaɗi warwas shekarar hwarko ba ya ba ni tsoro, da kainai za shi gane, shi canza, bayan shekara ukku ka gane shi da takarda tai. Wanda ka ba ni tsoro shi ne wanda bai taɓa hwashin aji ba, kullum shina benci na gaba, shina samun takwas, tara, tara da rabi bisa ashirin. Bai hwaɗi da zahin da za shi tashe shi ba, bai kuma ci ba. Kuma ba ya zuwa buro shi ce malam na kasa. Irin su akwai abin da ka riƙe su nan wanda babu shi cikin takardunmu, ni ban san ko mi ne ne ba.”

Na fito ina juya maganarsa, domin kamar yana kallon Habu yake magana. Na koma na buɗe makinsa gaba ɗaya na shekara huɗu, abin da ban taɓa yi ba, kullum ɗaya-ɗaya nake gani in wuce da sauri. Lissafi da darasin ƙarfin siminti da ƙarfe, waɗanda su ne ƙashin bayan karatun, bai taɓa kaiwa goman da ake ci da ita ba, sau ɗaya ma. Darasi guda ne na ga ya samu sha shida, na nazarin ƙasa. Ban yi mamaki ba, yaron da tun yana firamare zai damƙi ƙasa ya murza ya ce maka wannan jigawa ce wannan geza ce, kuma duk gonar babansa shi ya zaɓi 'ya'yan gawon da za a bari lokacin sassabe, yau mutane har tsayawa suke suna kallon gonar. Sakamakon zangon farko na bana kuma ya riga ya fito, bai canza ba. A dokar makarantarmu ya cinye damar maimaitawarsa, in ya faɗi a ƙarshen shekarar nan kora ce, kuma wanda aka kora ba ya da ikon komawa wani sashe. Amma akwai ƙofa ɗaya, duk shekara bayan zangon farko ana buɗe karɓar takardun masu son canza sashe da kansu. An buɗe, ranar Alhamis mai zuwa za a rufe. In ya canza zai koma ajin farko a sashen aikin gona, shekara huɗu sun tafi, amma yana da gaba. In ya zauna, sai ya ci zango na biyu da makin da bai taɓa samun irinsa ba.

Habu duk Juma'a a gidana yake cin abincin rana. Wannan Juma'ar da muka dawo masallaci na ce ya zo mu zauna a ƙofar gida, na tambaye shi karatu, ya ce lafiya lau. Na ce zangon nan fa, ya ce ana ƙoƙari. Na kewaya na kewaya, shi kuma yana ta ce mini in sha Allah, har raina ya ɓaci, ni kuma in raina ya ɓaci bakina ba ya da birki. Na zazzage masa makinsa ɗaya bayan ɗaya, na ce wa kake ruɗi, ni da nake shigar da su? Na ce shekara huɗu kana zaune kamar an dasa ka, ba ka ci ba ba ka tashi ba, ko ƙorafi ba ka iya yi ba. Daga nan na yi abin da aka hana ni, na gaya masa maganar jerin, na ce har na'ura ta gane ba wurinka ba ne nan. Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, abin da ya ce mini har yanzu yana ci na. Ya ce, “Kawu, na'urar da ba ta taɓa ganina ba ta sani, kai da nike cin tuwon gidanka duk Juma'a sai da ta gaya maka?”

Na so in yi masa faɗan rashin kunya amma ban ga inda ya yi ƙarya ba. Ya ce tun watan farko na shekarar farko ya san ba zai iya ba, malami na rubutu a allo shi kuma kamar ana magana da wani yare, yana kwafa ne kawai, yana haddacewa kamar karatun allo, in aka juya tambayar kaɗan shi ke nan ya ɓace. Ya ce sau biyu yana karɓar takardar canza sashe a buronmu, lokacin da ya tabbatar na fita, ya cika ta, sannan ya yaga. Na ce to me ya hana ka, tsorona kake ji? Ya ce a'a. Na ce babanka? Ya ce Baba ba ruwansa, shi in an ce gona ma murna zai yi. Na ce to mutanen gari ne, su yi maganarsu su gaji mana. Ya girgiza kai, sai ya ce Inna ce, wato Yaya, kuma ba faɗanta yake tsoro ba.

A nan sai na ɗan yi bayani, don na san wasu a zauren nan yaran zamani ne, uwa na kiran ɗanta na fari da sunansa har da ɗaukar hoto tana rungume da shi. Mu ba haka muka tashi ba. Kakarmu ta wajen uwa Bafulatana ce, kuma Yaya ita ta kwaso kunyarta duka. Ba ta taɓa faɗin sunan Habu ba, ko laƙabin da kakanninsa suka sa masa ba ta faɗa, don a ganinta shi ma sunansa ne. Kai take ce masa, ko ta ce wa ƙannensa ku kira wancan, ko ta buga murfin kwano ya gane da shi ake. Yana ɗan shekara biyar ya taɓa ɓace mana a kasuwar Gazawa, ina tare da ita, na ga matar nan tana ratsa rumfuna hawaye na zuba tana cewa ba ku ga wani yaro ba, ba ku ga wani yaro ba, mutane na tambayarta mi ne ne sunanshi, ta kasa. Ni na riƙa ƙwala kiran sunan har muka same shi wajen masu rake. Da muka same shi ma ba ta taɓa shi ba, ni ta ce in ɗauke shi. Mu a wajenmu wannan ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san wanda aka fi jin kunyarsa shi ne a zuciya, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda abin yake a wajen yaron ba.

Habu ya ce in tuna ranar da na zo da albishir na kira shi Injiniya a bakin zaure. Ya ce da la'asar ɗin ranar, an gama hayaniya, yana ɗaure akuya a bayan ɗaki, sai ya ji an ce, Injiniya, zo ka ɗauki hurarka. Ya juyo yana neman wace ce, sai ya ga Inna ce tsaye da kwano, tana kallon gefe. Ya ce, “Kawu, shekarata sha tara rannan, ban taɓa jin ta kira ni ba sai rannan. Ta samu sunan da ba na yanka ba ne, ba na kakanni ba ne, wanda za ta iya hwaɗi gaban kowa. Yanzu ko a waya sai ta ce Injiniya ka ci abinci? In na bari, mi za ta ce mini? In koma wancan?” Yana faɗa yana murmushi irin na wanda ba ya son ya yi kuka a gaban babba. Ni ne na kasa, na tashi na shiga gida na bar shi a wurin.

Wallahi ni ban lura ba. Shekara huɗu ina jin ta tana cewa Injiniya ya iso, a kai wa Injiniya ruwa, na ɗauka alfahari ne irin na uwa, har ina jin daɗi a raina ina cewa ni na jawo mata wannan. Ashe ita hanya ta samu, shi kuma yaron ya zauna yana ƙone ƙuruciyarsa a benci don kada hanyar ta toshe. Abin da Dakta ya ce babu shi a takardunsu ke nan, kuma daga bakina ya fito.

Matata da na ba ta labari, ta fara wanke ni tas, ta ce tun farko wa ya aike ka, yaro ya faɗi abin da yake so ka mayar da shi abin dariya. Na ce na ji, yanzu mafita nake nema ba shari'a ba. Sai ta kawo wata dabara, ta ce ai a nan ƙasar wanda ya yi zurfi a ilimin gona shi ma injiniya ake rubuta masa a takarda, to ya canza shiru, a bar Yaya da sunanta, in ya gama ai ba a yi ƙarya ba. Da farko na ji kamar an sauke mini kaya. Amma da na kwana da maganar sai na ga ramukanta. Kafin ya kai wannan matsayin sai ya gama digirin farko ya ƙara wasu shekaru, in Allah ya sa ya samu wuri. Sannan a ƙauye ba wanda zai ce masa injiniya, malamin gona za su ce, kuma akwai yaran yankinmu a makarantar, hutu ɗaya ya isa labari ya kai gida. Ita kuma Yaya ba injiniyan takarda take nufi ba, akwai wata ƙorama tsakanin garinmu da babbar hanya da ke yanke mu duk damina, sau nawa tana cewa a gaban mata, ku bari Injiniya ya gama. In ta ji a bakin wata a wajen rijiya cewa mun shekara muna ɓoye mata, ni da shi, ban san da wane ido zan kalle ta ba. Na gaya wa Habu dabarar a waya, ya ce shi ba zai iya amsa sunan ba in ya san ita wani abu take nufi daban, yanzu ma da ƙyar yake amsawa.

Sannan akwai wata zuciyar da ke ce mini, kai wa ya ce maka na'urar nan ta yi daidai? Mai ita da bakinsa ya ce tana kuskure. Na san wani da ya maimaita aji sau biyu a sashen nan, yau shi ke duba aikin hanya, da ana da wannan jerin a lokacinsu da sunansa na ciki. Ni kaina da an auna ni da irin wannan ma'auni ina lakol, da tuni an ce in koma kiwo. In na matsa wa yaron ya canza, alhali da an bar shi zai iya yunƙurawa a zango na biyu, na sake yi masa zaɓe da hannuna ke nan, kuma wannan karon da hujjar wata takarda da ma ba a ce a yi aiki da ita ba. Amma kuma in na buɗe makin nan na kalla, ba na bukatar na'ura, idona ya ishe ni. Na tambaye shi kai tsaye ko yana ganin zai iya, ya ce zai yi ƙoƙari. Na ce ba ƙoƙari na tambaye ka ba. Ya ce in sha Allah.

Ga kuma aikina. In takardar canjin Habu ta shigo buronmu a makon nan, shugabanmu ya san ɗan yayata ne, ya san ni ke riƙe da sunayen, ba sai an yi masa lissafi ba. Zan iya cewa makinsa kawai na duba, amma na san na gaya masa maganar jerin, kuma ban iya rantsuwa a kan ƙarya ba. Wannan bai fi damuna ba, in ta kama in je in faɗi gaskiya in karɓi abin da ya biyo baya, zan je. Abin da ke ƙara cin raina shi ne sauran lambobin da ke jerin, su ma 'ya'yan wasu ne, su ba su da kawu a buro, kuma Alhamis ɗin nan za ta wuce su ba wanda ya ce musu komai. In na ceci nawa na yi shiru a kan nasu, ban san sunan da zan ba kaina ba.

Inda muka tsaya da Habu shi ne, ya ce zai sa hannu a takardar in har Inna ta sani kuma ta yarda, amma shi bakinsa ba zai iya faɗa mata ba, ba su saba doguwar magana ba, duk hirarsu a duniya ba ta wuce ka ci abinci, na ci. Ya ce in ban gaya mata ba zai zauna ya ƙarasa shekarar, abin da Allah ya yi shi ke nan. Na san Yaya, ba za ta yi faɗa ba, da ma faɗa za ta yi da na ji sauƙi. Za ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ta tashi ta shiga ɗaki. Abin da ban sani ba shi ne washegari in ta buɗe baki za ta kira shi, me zai fito. Ko kuma ta ce a'a ya daure ya ƙarasa, don ba ta san me kora take nufi ba, in ta faɗi haka kuwa magana ta ƙare, ba zai taɓa tsallake ta ba.

Ina cikin wannan ne jiya da hantsi ta kira ni. Idonta ya daɗe yana damunta, an ba ta rana a asibiti nan birni, za ta shigo motar garin Agiye ranar Laraba ta sauka a gidana. Muryarta cike da murna, ba ta taɓa zuwa garin nan ba. Muna gab da sallama ta ce, “Auta, in an gama duba ni, ina son ka kai ni in ga inda Injiniya shike karatu. Ba sai na shiga ba, ko bakin ƙohwa ne in tsaya in gani da idona, tun shina gani.” Na ce to Yaya, Allah ya kawo ki lafiya. Na kashe wayar na zauna ina kallon bango.

'Yan'uwa, Laraba za ta iso, Alhamis ake rufe karɓar takardu. In zaunar da ita in gaya mata komai, har da cewa ni na rubuta masa abin da bai so ba, kuma shekara huɗu ina ɓoye mata faɗuwarsa? In bi dabarar matata mu lallaɓa shi ya canza a ɓoye? Ko in cire hannuna in bar shi ya gwada zangon ƙarshe, in ya faɗi ya faɗi da sunansa? Malamai da ke cikin zauren nan, ku gaya mini ko kun taɓa ganin mai irin wannan makin ya tashi a zango ɗaya, kada ku lallashe ni. Iyayenmu mata kuma, musamman waɗanda har yau ba sa faɗin sunan ɗan fari, ku na fi bukatar ji, domin ku kuka san abin da ke cikin zuciyar Yaya, ni namiji ne ban sani ba. In ke ce, me za ki so ƙaninki ya gaya miki, kuma ta ina zai fara? Ku taimaka ku amsa kafin Laraba, don na riga na ce mata to, kuma ban san ko kafin mu je bakin ƙofar makarantar zan faɗa mata ba, ko sai ta gama kallo.